Burus Li, Mutumin Sin Da Ya Cika Gidajen Silima Na Kano

Da za a tara samarin Rano da na Kibiya a ce kowa ya faɗi sunan mutum guda daga ƙasar Sin, da wuya a sami mai ambaton wani sarki ko shugaba. Sunan da zai riga fitowa shi ne Burus Li. Iyayenmu da suka je cin rani birnin Kano a shekarun 1970 da 1980 sun gan shi a silimar Plaza ta Fagge, da Orion, da El Dorado ta Sabon Gari, suka komo gida da labarinsa a baki. Mu na baya muka same shi a kaset, sa'an nan a faifai, a gidajen kallo masu janareto. Har wa yau yaron da ya cika ɗaga ƙafa cikin wasa, sunan da ake laƙa masa ke nan. Amma yawancin waɗanda suka kalle shi a ƙasar Hausa sun kalle shi ne bayan ƙasa ta rufe idonsa, gama shekara 32 kaɗai ya yi a duniya, shaharar nan kuwa da muka san shi da ita bai ci ta shekara biyu cikakku ba. Kafin mu gane abin da ya sa 'yan'uwansa suke miƙewa tsaye suna sowa a cikin silima sa'ad da ya fasa wani allo da ƙafa, sai mun koma baya kaɗan.

Sinawa mutane ne masu tsohon tarihi. Takardar da aka buga wannan shafi a kai, asalin sana'arta daga wurinsu ne. Littattafansu sun ce wani bafade mai suna Tsai Lun ne ya kai wa sarki irin da ya gyara a shekara ta 105 bayan haihuwar Almasihu, ya yi ta da ɓawon itace da tsumma da tsohuwar komar kamun kifi. Albarushin da maharbanmu suke ɗura wa adaka, da allurar nan mai nuna wa matafiyi kudu da arewa, da buga littafi da sassaƙaƙƙen katako, da siliki, da shayi, duka daga can suka bazu. Mutanen da suke da irin wannan gado ba sa ɗaukar raini da sauƙi, amma raini suka sha har na wajen shekara ɗari. Ingila tana sayen shayinsu da azurfa, ita kuwa ba ta da abin da Sinawa suke marmarin saye, sai 'yan kasuwarta suka shiga kawo musu ofiyam daga Indiya, wani abin maye mai kashe zuciya da jiki. A 1839 wani ma'aikacin sarki, Lin Zexu, ya ƙwace akwati fiye da 20,000 ya lalatar. Ingila ta turo jiragen yaƙi. A 1842 Sin ta sa hannu a takardar sulhu ta ba da tsibirin Hongkong, a 1860 aka ƙara da Kowloon, a 1898 kuma aka karɓi wani yanki haya ta shekara 99. Japan ma, wadda Sinawa suke yi wa kallon ƙanwa, ta ci su da yaƙi a 1895. Daga nan aka riƙa yi wa ƙasar ba'a, ana kiranta majinyacin Asiya. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sāke gamuwa da shi.

Akwai wata igiya da ta ɗaure tarihin Hongkong da namu. Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka fasa Bebeji, nan maƙwabtanmu, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, da ya bar Arewa a 1906 Hongkong aka tura shi. Ya yi gwamna a can daga 1907 zuwa 1912, ya kafa musu jami'a, sa'an nan ya komo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Har yanzu akwai titi mai sunansa a kan dutsen da ya yi wa birnin rumfa. Dutsen nan kuwa, wata doka ta 1904 ta keɓe shi domin Turawa, kamar yadda aka keɓe musu Nasarawa a Kano. Basine na fari da aka yarje wa zama a can shi ne wani hamshaƙin attajiri, Robert Ho Tung, wanda ubansa Bature ne. A gidan ƙanin wannan attajiri, Ho Kom-tong, mahaifiyar Burus Li ta tashi. Sunanta Grace Ho, 'yar ɗarikar Katolika ce, ita ma tana da jinin Turawa. Ta auri wanda ba tsararta ba ne a dukiya, Li Hoi-chuen, ɗan wasan kwaikwayon gargajiya na mutanen Kanton, irin wanda ake haɗa waƙa da rawa da tsalle-tsalle.

Ƙungiyar mijin tana yawon wasa a Amurka ne aka haifi yaron, ran 27 ga Nuwamba 1940, a asibitin Sinawa na San Faransisko. A lokacin akwai doka tun ta 1882 mai hana leburorin Sin shiga Amurka, ko da yake su ne suka fasa duwatsun da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta ratsa yammacin ƙasar. Ba a soke dokar ba sai 1943. Amma duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar ɗan ƙasa ne, wannan kuwa ya yi wa yaron rana daga baya. Sunansa na yanka Li Jun-fan. Burus a asibiti aka laƙa masa, a gida ba a kiransa da shi. Iyayen sun riga sun rasa ɗansu namiji na fari yana jariri, sai tsoro ya kama uwar kada iskokai su ɗauke wannan ma, ta riƙa kiransa da sunan mata don a ɓad da sawu. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya san dabarar, gama haka kakanninmu suke yi wa ɗan wabi, a sa masa Ajefas ko Ajuji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Sunansa na wasa kuwa, Siu-lung, ma'anarsa ƙaramin dodo, domin Sinawa suna raɗa wa shekaru sunayen dabbobi goma sha biyu, shi kuwa a shekarar dodo ya zo. Kada mai karatu ya tuna da macijin nan na littafin Wahayi. A wurinsu dodon alamar ruwan sama ne da sarauta.

Yana ɗan wata kaɗan aka komo da shi Hongkong a 1941. Ran 8 ga Disamba na shekarar Japan ta auka wa birnin, a ranar Kirsimeti gwamnan Ingila ya miƙa wuya. Shekara uku da wata takwas Japanawa suka riƙe garin. Yunwa da kora da kisa suka rage mutanensa daga wajen 1,600,000 zuwa wajen 600,000. A cikin wannan ya koyi tafiya da magana. Yaƙi na ƙarewa Ingila ta dawo. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulkin babbar ƙasar Sin a 1949, 'yan gudun hijira suka kwararo birnin har wuri ya ƙure, unguwanni suka cika da matasa marasa aikin yi da ƙungiyoyin 'yan daba.

Shi ba talaka ba ne, wannan ya kamata a sani. Ta hanyar ubansa ya shiga fim tun yana yaro, kafin ya kai shekara 18 ya fito a finafinai wajen 20, yawanci a matsayin maraya ko ɗan titi. Amma a makaranta ya zama alaƙaƙai. An sa shi a La Salle, makarantar 'yan mishan Katolika, karatu ya ƙi, faɗa kuwa kullum. A 1956 aka mai da shi St. Francis Xavier, inda wani malami, Brother Edward, ya ga ƙarfin nan yana neman hanya, ya sa shi a damben Turawa. A 1958 ya ci gasar damben makarantu. A shekarar nan kuma ya ci gasar rawar cha-cha ta dukan Hongkong, abin da masu kallonsa kaɗan ne suka sani, ko da yake duk wanda ya lura da yadda yake taka ƙasa a fim zai ga sawun mai rawa.

Tun kafin wannan ya shiga koyon kunfu a wurin wani dattijo ɗan gudun hijira daga Foshan, Ip Man, malamin salon Wing Chun. Salo ne na kusa da kusa. A dambenmu hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan yana tsaro, a nasu kuwa hannu biyun suna tarewa suna duka a lokaci guda. A nan aka fara rufe masa ƙofa. Sa'ad da sauran almajirai suka ji mahaifiyarsa tana da jinin Turawa, waɗansu suka ƙi yin horo da shi, gama bisa ga al'adarsu ba a koya wa bare wannan sana'a. Sai malamin ya haɗa shi da wani babban almajirinsa, Wong Shun-leung, ya riƙa koya masa a keɓe. Abin da ya koya kuwa a titi da kan rufin benaye ya riƙa gwada shi, har 'yan sanda suka zo gida suka yi wa iyayen kashedi. A watan Afrilu na 1959 suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Amurka da dala 100 a aljihu.

Ɗan gatan nan da aka saba gani a majigi ya sami kansa a birnin Seattle yana kai wa baƙi abinci a gidan abincin wata mata, Ruby Chow, yana kwana a ɗan ɗaki a saman gidan. Ya ƙarasa sakandare, ya shiga Jami'ar Washington a 1961, ya karanta wasan kwaikwayo da falsafa, amma bai gama ba. Don ya sami na kashewa ya fara koyar da kunfu a filayen shan iska da wuraren ajiye motoci. Almajirinsa na fari baƙin mutum ne, Jesse Glover. Wanda ya zama hannun damansa kuwa, Taky Kimura, ɗan asalin Japan ne haifaffen Amurka, ya girme shi da shekara 16, gwamnati ta taɓa tsare shi da iyayensa a sansani lokacin yaƙi saboda asalinsu, abin ya karya masa zuciya. A ganinmu wannan ɗan aji na Seattle ya fi dukan finafinansa nuna halinsa. Yaron da aka ƙi saboda jininsa bai tambayi jinin kowa ba, har da na mutanen da suka mamaye garinsu yana goye. A watan Agusta na 1964 ya auri wata ɗalibarsa Baturiya, Linda Emery, a wata majami'a a Seattle, ba da son mahaifiyarta ba. A lokacin jihohi da yawa na Amurka suna da dokar hana irin wannan aure, sai a 1967 kotun ƙoli ta rushe su. Suka haifi Brandon a 1965, da Shannon a 1969.

A ƙarshen 1964 aka yi wani faɗa a makarantarsa ta Oakland tsakaninsa da wani malamin kunfu, Wong Jack-man, ƙofa a rufe. Matarsa ta ce an zo ne a hana shi koya wa waɗanda ba Sinawa ba, ta ce kuma cikin minti uku aka gama. Wong ya ce ba haka ba ne, cika bakin da Burus ya yi a bainar jama'a ne ya jawo, faɗan kuma ya wuce minti ashirin. Cika baki dai yana da shi, da saurin fushi, abokansa ma ba su ɓoye wannan ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ya fito daga faɗan yana haki, ransa a ɓace, ya ga abin da ya gada bai ishe shi ba. Daga nan ya sāke lale. Ya shiga gudu kowace safiya, da tsallen igiya, da ɗaga ƙarfe. Ya tara littattafai fiye da 2,000, na dambe da na wasan takobi da na falsafa, ya riƙa kallon finafinan damben Muhammad Ali yana maimaitawa. A 1967 ya raɗa wa hanyarsa suna Jeet Kune Do, wato hanyar tare naushi tun bai iso ba. Tushen tunaninsa daga tsohuwar koyarwar Sinawa ne ta Lao Tzu, wadda take misali da ruwa, mai taushi amma mai cin dutse. Addinin mahaifiyarsa kuwa bai riƙe shi ba da ya girma, ya kuma faɗi haka a fili. Mutumin da duniya take gani kamar an ƙera shi da ƙarfe, siriri ne mai nauyin kilo 60 da 'yan kai, ba ya kuma ganin nesa sai da tabarau.

Hanyarsa ta shiga fim a Amurka ta hannun wanzami ta biyo. A wata gasa a Long Beach a 1964 ya nuna naushin da yake yi daga tazarar inci ɗaya ya tunkuɗe ƙato, wani mai gyara wa 'yan fim gashi ya gani ya kai labari. Aka ɗauke shi a wasan talabijin mai suna The Green Hornet, daga 1966 zuwa 1967, kashi 26. Matsayin da aka ba shi na direba ne kuma yaron gida, fuska a rufe, albashinsa ƙasa da na Baturen da yake yi wa tuƙi, alhali shi yara suke jira su gani. Da aka tsai da wasan sai ya koma koya wa manyan 'yan fim irin su Steve McQueen da James Coburn, da ɗan ƙwallon kwando Kareem Abdul-Jabbar. Almajiransa suna shiga ta ƙofar da aka hana shi. A zamanin nan in ana bukatar Basine a babban matsayi, Bature ake ɗauka a ja masa ido a shafa masa hoda. Haka aka yi da wasan Kung Fu na 1972, wanda ya nema aka ba David Carradine.

A watan Agusta na 1970 yana ɗaga ƙarfe ya ji wa wata jijiya ciwo a ƙugu. Likitoci suka ce da wuya ya sāke shuri. Ya yi wajen wata shida yana jinya, ga bashin gida, ga yara biyu, har matarsa ta kama aikin dare na amsa wayar tarho. A kwance ya cika littattafan rubutu da tunaninsa a kan sana'ar, waɗanda aka tattara aka buga a 1975. Ciwon bayan bai rabu da shi ba har ƙarshe. Duk tsallen da muka gani a finafinan da suka yi suna, da wannan baya ya yi shi.

Da Amurka ta ƙi, sai ya waiwayi gida. Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest ya ba shi dala 15,000 a kan fim biyu. Na fari, The Big Boss, a wani ƙauyen Tailan aka ɗauke shi a 1971, ba wani kuɗi aka kashe ba. Labarin ɗan cin rani ne. Saurayi ya bar gida ya tafi aikin lebura a masana'antar ƙanƙara, ya yi wa uwarsa alkawari ba zai yi faɗa ba, har rabin fim yana haɗiye fushi ana cin zalin 'yan'uwansa, ashe mai gidan ƙwayoyi yake ɓoyewa cikin ƙanƙarar, duk wanda ya gano kuwa sai ya ɓace. Fim ɗin ya tara fiye da dalar Hongkong miliyan 3, abin da ba a taɓa yi ba a birnin.

Na biyun, Fist of Fury, wanda ya fito a watan Maris na 1972, shi ne ya taɓa tsohon miki. An kafa labarin a Shanghai, bayan mutuwar wani malamin kunfu na gaske, Huo Yuanjia, a 1910. Ana zaman makoki sai 'yan makarantar Japanawa suka kawo kyautar allo mai ɗauke da sunan nan na majinyacin Asiya. Almajirin da Burus ya fito a matsayinsa ya mayar musu da allon har gida, ya bi su ɗaya ɗaya, ya sa suka tauna takardar. A wani wurin kuma ya tashi sama ya farfasa allon ƙofar wani lambu mai hana karnuka da Sinawa shiga. Masana tarihi sun ce ba a tabbatar da allo mai wannan lafazi daidai ba, amma dokar hana Sinawa shiga lambun gaskiya ce, ta kai har 1928. Mu tuna masu kallon nan, shekara 27 kaɗai ke nan da fitar Japanawa daga garinsu, kuma har a ranar Bature ne gwamnansu. A fim ɗin nan ne kuma ya fito da sandunan nan biyu masu sarƙa a tsakani, waɗanda samarinmu da yawa suka kwaikwaya da guntun ƙota, suka fasa ƙeyar kansu da kansu. Abu biyu ne muke ganin masu kallo sukan tsallake. Fim ɗin ya yi wa Japanawa kuɗin goro, ya mai da su mugaye, alhali amininsa na Seattle jininsu ne. Sa'an nan a fim na fari 'yan sanda ne suka tafi da jarumin a ƙarshe, a na biyu kuwa cikin bakin bindigogi ya yi tsallensa na ƙarshe.

Na uku, The Way of the Dragon, shi ya rubuta ya kuma ba da umarni, aka nuna karonsa da Chuck Norris a tsohon filin Romawa inda dā ake haɗa bayi faɗa da namun daji. Ya tara fiye da miliyan 5. Sai ga Amurka ta biyo shi har gida. Kamfanin Warner Brothers ya zo Hongkong a farkon 1973 aka ɗauki Enter the Dragon da dala 850,000, shi ne a gaba, tare da Bature John Saxon da baƙin Ba'amurke Jim Kelly. Aikin ya ci shi. Ya rame, barci ya ƙaurace masa. Ran 10 ga Mayu ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɗora murya, likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ce ta kumbura, suka ceto shi da ƙyar. Bai huta ba.

Ran 20 ga Yuli 1973 yana gidan wata 'yar fim, Betty Ting Pei, ya ce kansa yana ciwo. Ta ba shi ƙwaya ɗaya ta wani magani mai suna Equagesic wanda likita ya rubuta mata ita. Ya kwanta, bai farka ba. Kafin a kai shi asibitin Queen Elizabeth rai ya yi halinsa. Da fari aka ce a gidansa ya rasu, jaridu suka tono gaskiya, matarsa ta sha makoki da kunya a haɗe. Bincike ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa, an kuma sami ɗan burbushin wiwi a cikinsa, amma kotun binciken ta ɗora abin a kan yadda jikinsa ya ƙi maganin, ta ce tsautsayi ne. Daga baya wani marubucin tarihinsa a 2018 ya ce zafi ne ya buge shi, waɗansu likitoci kuma a 2022 suka ce ruwa ne ya yi wa jikinsa yawa ƙoda ta kāsa fitarwa. Mu da muke karɓar ƙwaya daga hannun maƙwabci, ko daga tiren mai talla a kasuwar Rano ba tare da mun san sunanta ba, wannan wuri na labarin ya fi kusa da mu fiye da dukan shurin. Dubun dubatar mutane suka cika titunan Kowloon ranar jana'izarsa. Bayan wata guda aka fara nuna Enter the Dragon a Amurka, ya zagaye duniya, ya mayar da kuɗinsa ninkin ba ninkin.

Ta haka ya iso mana. Gidajen silima na Kano, waɗanda Kwarori suka fara kafawa tun daga Rex a 1937, sun saba da finafinan Indiya masu waƙa da soyayya, da na kaboyi inda farin mutum ne kullum mai nasara. Sai ga wani siriri wanda ba Bature ba, sanye da singileti irin na lebura, ba shi da bindiga ba shi da doki, yana kā da ƙattai. Ba a bukatar jin Turanci ko Sinanci kafin a gane. Mutanen da suka tashi da dambe da kokawa a dandali bayan kaka sun san abin da suke gani. Aka shiga cewa fim ɗin Chanis, aka buɗe wuraren koyon kareti a birane. Masu fim na Hongkong da Taiwan kuwa, da suka ga kasuwa ta buɗe mai ita ya mutu, sai suka ɗebo masu kama da shi suka laƙa musu sunaye masu kama da nasa. Finafinansa na gaske da ya gama yana babba huɗu ne kacal, na biyar, Game of Death, an cike shi ne da waɗansu mutane aka fitar a 1978. Saboda haka da yawa daga cikin abin da aka kalla a nan da sunansa, ba shi ba ne. Jackie Chan, wanda ya gaje shi a zukatan masu kallo, yana cikin yaran da ya riƙa jefarwa a Fist of Fury da Enter the Dragon. Yawancin gidajen siliman nan sun rufe yanzu, Palace ta cikin birni ma asibiti ta zama.

Abin mamaki, babbar ƙasar Sin da ya yi wa fushi a majigi ita ce ta ƙarshe wajen ganinsa, domin a zamanin Mao ba a nuna wa jama'a irin waɗannan finafinai. Ingila ta mayar da Hongkong ran 1 ga Yuli 1997. A 2005 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin ruwan birnin, a 2008 kuma gidan talabijin na gwamnatin Sin ya nuna tarihinsa kashi 50.

A Seattle aka binne shi, a maƙabartar Lake View. Bayan shekara 20, ran 31 ga Maris 1993, ɗansa Brandon yana ɗaukar fim mai suna The Crow aka harbe shi da bindigar wasa da ba a duba ba, ashe akwai guntun harsashi maƙale a bututunta. Yana da shekara 28, saura 'yan makonni bikinsa. Aka kwantar da shi kusa da ubansa. Taky Kimura, wanda ya yi wa Burus abokin ango, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, ya ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin kantinsa na kayan masarufi ba ya karɓar kuɗi, ya riƙa zuwa yana share kabarin yana gyarawa shekara da shekaru. Ya rasu a watan Janairu na 2021 yana da shekara 96.